Neman Sunan Goggo Mai Dakashi

Tun ranar da na dawo Tibiri ban samu na daka hatsi cikin natsuwa ba. Wagga ta leƙo ta katanga, "Hajara, an ce har Ingilishi kuka taka, can ƙetaren iyaka?" Waccan ta tare ni bakin famfo, "Wai da gaske neman sunan mutum kuka tafi, kamar wadda akuyarta ta ɓace?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma duk wadda ta ji sai ta ƙara mishi gishiri kafin ta kai gaba. Jiya ma na ji wai jirgi muka hau. Shi ya sa na ɗauko littafin da ya rage mini tun ajin yaƙi da jahilci, na ce bari in rubuta sau ɗaya. Wadda ta iya karatu ta karanta ma wadda ba ta iya ba, ni kuma in koma ga turmina.

Asalin tafiyar ɗiyata ta fari ce. Ku da kuka san ni kun san ban taɓa kama sunanta ba, kamar yadda uwata ba ta taɓa kama na yayanmu ba. Shekara da shekaru "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan", har Allah ya rufa mini asiri ta gama karatun lakol ta zama ungozomar likita, gari duka ya koma kiranta Madam, ni ma na lafe cikin jama'a. To Madam ta koma ƙarin karatu, aka ce ba za a ba ta difilom ba sai ta rubuta bincikenta an buga shi cikin wata mujalla ta masu binciken lafiya. Abin da ta bincika kuwa dakashi ne, nonon nan na farko mai kauri da mai jego ke matsewa ta zubar, a ce sai ya wanke kafin jariri ya kama.

Rubutun bai wahalar da ita ba. Wutsiyarshi ce ta hana ta sakat. Ashe a wurin mutanen nan ba ka isa ka faɗi magana haka kawai ba, sai ka nuna bakin da ka ɗauko ta. Duk inda ka ari maganar wani sai ka liƙa lamba, can ƙarshen takarda kuma ka jera sunanshi da littafinshi da shekara da shafi. Manazarta suke ce ma wanga jeri. Da ta bayyana mini na ce, "Ai mu ma muna yi. In aka ce an ga wance gidan wane, sai mu ce wa ya faɗa miki." Madam ta ce haka ne, sai dai su ba su karɓar "an ce". Na ce to lalle unguwarmu ba za ta taɓa fitar da mujalla ba.

Sau uku mai tace rubutun mujallar yana dawo mata da takardar. Na farko, wai ta jera sunayen bisa a-ba-ca-da, shi kuma yana son wanda aka fara aron maganarshi ya zama lamba ɗaya, kamar layin tulu a famfo. Ta sake jeri, lambobi duka suka goce, ta yi kwana biyu tana bin su ɗai-ɗai. Na biyu, wai ta sa waƙafi inda ya kamata ta sa ɗigo biyu, shekara kuma ta zauna kujerar da ba tata ba. Ban taɓa ganin mutumin ba, amma ina tausayin matar da ke mishi shara. Na uku shi ne ya tashe mu tsaye.

Cikin rubutun akwai maganar wata tsohuwar Bafilatana da Madam ta gamu da ita a wata ruga kusa da Agiye, shekara biyu da suka wuce, lokacin tana koyon aiki can. Tsohuwar ke karɓar haihuwa a rugagen wajen, kuma ba ta bari a zubar da dakashi. Mai tacewa ya ce maganar ta yi kyau, amma ba ta cikin wani littafi, don haka sai an kawo cikakken sunan mai ita, da wuri, da rana, da takardar da ta sa hannu cewa ta yarda a buga. In ba a kawo ba kafin Juma'a, a cire maganar. Madam ta buɗe tsohon littafinta. Wuri yana nan, rana tana nan. Wurin suna kuwa kalma ɗaya ce: Goggo.

"Inna," ta ce, "in na cire Goggo, saura duk maganar mutanen da ba su taɓa shiga ɗakin mai jego a ƙauye ba ce."

Na ce, "To wace Goggo? Ƙasar nan kowace bukka da Goggonta."

Maigidana ya ce ba za ta shiga daji ita kaɗai da goyo ba. Haka na ƙulle 'yan tufafina, na goya jikata mai wata biyar, ranar Litinin da safe muka fita neman wata Goggo.

Daga Tibiri zuwa Maraɗi ba tafiya ba ce, kafin ka gyara zama an iso. A tasha muka hau motar Agiye, aka dasa ni tsakanin Madam da wata Hajiya mai fataucin aya, mace mai faɗi, wadda aka ba kujera ɗaya ta zauna bisa biyu. Madam ta fiddo takardunta tana ƙara dubawa, ni kuma don kada karatuna ya yi tsatsa na karɓi shafin manazartan ina haɗa baƙaƙe. Sunaye ne masu wuyar tauna, kowane da harafi ɗaya ko biyu a bayanshi kamar jela.

"Wanga harafi na mi ne?"

"Sunan mutumin ke nan, Inna. Sunan uba ake fara rubutawa cikakke, nashi kuma a ɗauki harafin farko."

Hajiya ta juyo, da ma kunnenta na wurinmu. "Tsaya, 'yar nan. A yanka ma mutum rago, a tara liman da ladan, a raɗa mishi suna, sannan wani ya zo ya bar mishi harafi guda?"

"Haka dokar take, Hajiya."

"To ragon fa?"

Mota ta ɗauki dariya. Na ci gaba da bin layuka, na ga wasu suna ƙarewa da 'yan kalmomi biyu iri ɗaya. Madam ta ce in waɗanda suka rubuta littafi sun wuce shida, shidan farko ake kira, sauran a ce "da sauransu".

Direba ya leƙo mu ta madubi. "Ni ne na bakwai gidanmu. Wallahi haka ake mini."

Ni dai ina can ina tunanin gayya. A Tibiri ka tara mutum goma su nome maka gona, ka tashi godiya ka kira shida ka ce da sauransu, baɗi kai da hauyarka za ku yi hira. Bayan Cadawa taya ta yi faci, muka sauka gindin gawo. Hajiya ta kwance bakin buhu ta ba kowa aya, ta ba direba a ƙarshe ta ce, "Ungo, da sauransu."

A Agiye Madam ta ce ita buro za ta, inda ake ajiye sunayen mutane. Na ce ta je, ni ƙafata ta yi tsami. Na samu 'yan Filani masu tallar nono jere gindin itacen bedi, na zauna aka dama mini fura. Ban tambaye su komai ba tukuna. Na gaida su da shanu, da gajiyar hanya, muka zagi damina tare, suka karɓi jikata suna yawo da ita hannu zuwa hannu. Sai da na ga gindin ƙwarya na ce, "Ni kam akwai wata tsohuwa wajen nan da ba ta bari a zubar da dakashi?"

Su uku suka fashe da dariya lokaci guda. "Goggo mai dakashi! Mai shiga ɗakin jego da sanda?" Ɗaya ta ce ranar da ta haihu tsohuwar ta tsaya bisa kanta, ko ruwa ba ta bari an ba ta ba sai da ɗan ya kama nono. Suka ce tun da aka yi girbi rugarsu ta yi gabas, wajen Gazawa. Na ce mi ne sunanta? Suka dube ni kamar na tambayi sunan rana. "Goggo mana."

Can sai ga Madam tana gumi. Wai ta samu wani mutum mai kirki ƙwarai a buro, ya ba ta kujera, ya ce ko wane ne cikin ƙasar zai iya nemo mata shi, ta dai faɗa mishi sunan.

Mun isa Gazawa da la'asar, muka sauka gidan Ladi, ɗiyar kawuna da aure ya kai can. Taubashiyata ce, don haka tun daga zaure ta fara: "Ahaf, na san da an yi sabon hatsi yunwa za ta koro ki." Na ce na zo in ga ko har yanzu ba ta iya miya ba. Ta iya kam, sai dai mutanen Gazawa ba su yarda abinci ya wuce ba su jefa mishi gyaɗa ba. Miya da gyaɗa, kwaɗon zogale da ƙuli, ina jin ruwan alwala ne kawai ya tsira.

Ladi tana tuyar ƙosai ƙofar gida kowace safiya. Talata da hantsi Madam ta fito tana zazzage jaka, wai shafin manazarta ya ɓace. Muka leƙa waje, sai ga shi Ladi ta yayyaga shi gida huɗu tana naɗe ma mutane ƙosai. Manyan likitocin duniya, daga lamba ɗaya har ta ƙarshe, sun jiƙe sharkaf da mai da yaji. Madam ta dafe kai. Ladi ko a jikinta. "Na ga sauran shafukan cike da magana, wannan kuwa sunaye ne kawai, na ce ba mai amfani ba ne." Allah ya sa duk yana cikin odinatar ɗin Madam, na'urar nan da take rubutu ciki. Ni dai na ci nawa ƙosan cikin lamba tara zuwa sha huɗu, kuma ban ji wani bambanci ba.

Ranar nan amalanken jaki muka hau zuwa inda aka ce rugar take. Muka iske fili. Turaku a kafe, kashin shanu bai gama bushewa ba, duwatsun murhu uku-uku. Mai gonar yana tattara sauran kara, ya ce shekaranjiya suka tashi, sun yi kudu, sun ƙetare iyaka zuwa Ingilishi. Madam ta zauna bisa dutsen murhu ta yi tagumi. Ta ce, "Inna, mu koma. Zan cire ta."

Na ce, "Yau Talata. Shanu ba su da mota. Tashi, kin zauna cikin toka."

Laraba da sassafe 'yan kabu-kabu biyu suka ɗauke mu. Hanyar rairayi ce zalla. Babur ɗin da nake kai ya nutse sau uku, kowane karo in sauka da goyona in taka, mai babur ya tura, mu sake haɗuwa gaba kamar mun yi alƙawari. Ni da nake jin ana iyaka iyaka, na ɗauka zan ga ganuwa da ƙofar ƙarfe. Igiya ce ɗaure tsakanin ganga biyu. Wake wannan gefe, wake wancan gefe, ga wata akuya tana shiga tana fita ba wanda ya ce mata kanzil. Wani mai kaki yana zaune gindin itace. Ya karɓi katinmu ya juya, ya kira mu da sunan da suke kiran 'yan gefenmu, ya ce, "Mutanen Faransa. Mama, ina zuwa?"

Madam ta buɗe baki za ta fara daga mujalla, na riga ta. "Sunan wata tsohuwa za mu tambayo mu dawo."

"Suna kawai?"

"Da na ubanta."

Ya dube mu, ya dubi jinjirar, ya ce shekararshi goma a bakin igiyar nan, ya ga masu ƙetarawa da shinkafa, da fetur, da amarya, bai taɓa ganin masu ƙetarawa neman suna ba. Ya sauke igiya ya ce in mun samo mu nuna mishi.

Garin farko da muka shiga, mutanen mu ne sak, har da tsagar fuska irin ta dangin Ladi. Sai dai su komai da ƙara suke yin shi. Injin wuta na ruri ƙofar kowane shago, rediyo na faɗa da rediyo. Mu muna cewa lakol suna cewa makaranta, muna cewa buro suna cewa ofis, kuma kowa na jin ɗan'uwanshi ne bai iya Hausa ba. Ruwa cikin leda suke sha, a cije kusurwa a tsotsa kamar jarirai. Na cije nawa ya fesa ma mai shagon a riga, ya ce ba komai, mutanen Faransa sun saba. Masu tallar nono na can ma su suka nuna mana hanya.

Rugar tana bayan gari cikin gonakin da aka girbe. Bukka biyar, 'yan maruƙa ɗaure a igiya ɗaya. Goggo na zaune bisa tabarma tana kaɗa nono, 'yar ƙaramar tsohuwa busasshiya, sandarta a gefe. Ta dubi Madam sau ɗaya ta ce, "'Yar likita mai yawan tambaya. Kin yi ƙiba. Waccan ɗiyarki ce? Ta sha dakashi?"

"Ta sha, Goggo."

"To zauna."

Madam, da yake Juma'a na zaune bisa wuyanta, ko ruwan da aka ba mu ba ta gama sha ba ta fiddo bik ɗin rubutunta. "Goggo, sunanki na yanka nake so, da sunan babanki."

Surukar Goggo da ke tankaɗe ta ajiye rariya ta shige bukka. Goggo ta ci gaba da kaɗa nononta. Can ta ɗago, ba Madam take kallo ba, ni take kallo.

"Ke kika haifi wannan?"

Na ce, "An ce."

"A lakol ɗin ba a koya musu kunya?"

Na ce, "Ɗigo da waƙafi ake koya musu."

Irin su Goggo ba su kama sunan uba, yana raye ko ya kwanta dama. Mu da muke jin muna da kunya, a gabansu 'yan koyo ne. Ɗanta da zai iya faɗa ya yi nisa da shanu, surukar kuwa ko wuƙa aka sa mata ba za ta furta ba. Na ce ma Madam ta zagaya bayan bukka ta ba ɗiyarta nono. Na karɓi maburgi ina taya Goggo kaɗawa. Muka yi zancen ciwon gwiwa, da 'yan matan zamani, da yadda man shanu ya daina ƙamshi. Sannan na gaya mata dalili: ana son sunanta ne don kada gobe wani mai farar riga ya tashi ya ce shi ya gano. Wannan ya shige ta. Ta ce, "Dije. Tun da innata ta rasu ba wanda ya kira shi. Ki riƙe shi da kyau."

Saura uban. Na yi mata irin yadda muke ma amarya in muna son jin sunan miji.

"Buba ne?"

"A'a."

"Bello?"

"Wannan ƙanenshi ne. Malalaci."

"Yero?"

"Allah ya kiyaye."

"Umaru?"

"A'a."

"Sambo?"

Goggo ta ja gefen zane ta rufe baki, ta juya tana korar kazar da babu ita. Na rubuta.

Madam ta dawo ta nuna mata yadda zai fito: Sambo, sannan harafi ɗaya. Da Goggo ta ji uban ne a gaba sai ta gyaɗa kai ta ce masu takardar nan an yi musu tarbiyya. Na ɗauka mun gama. Sai Madam, da son bayani, ta shiga ba ta labarin manazarta da lambobinsu. Goggo ta ce, "To ni lamba nawa?"

"Ke babu lamba, Goggo. Maganar baka ba ta shiga jerin. Cikin rubutun ake sa ta."

"Su nawa ne masu lambar?"

"Talatin da ɗaya."

"Cikinsu wa ya taɓa yanke cibi a bukka ruwan sama na zuba bisa kanshi? Su da lamba, ni babu? Naɗe takardarki."

Na harari Madam, na karɓi takardun na baza su bisa tabarma. "Goggo, duba nan. Masu lamba can baya ake ajiye su, bayan an gama magana, tsugune a layi kamar masu jiran awo. Ke kuwa ga ki tsakar ɗaki, an kewaye ki da baka biyu kamar an yi miki shinge."

Ta daɗe tana kallon shafin. "Su ba su shigo ba?"

"Lambarsu kawai aka bari ta shigo."

"To su zauna can."

Sai ta ce a faɗa mata maganar da aka ce ta yi. Madam ta juya mata daga Faransanci: ɗan maraƙin da bai sha dakashi ba da wuya ya ga damina, ɗan mutum ma haka. Goggo ta buga sanda ƙasa. "Rabi ne! Na ce ku Haɓe, in akuyarku ta haihu kuna tsaye sai ɗan ya kama nono, in ɗiyarku ta haihu ku matse ku zubar bayan ɗaki. Ina sauran?" Madam ta ce ta ji nauyin rubutawa ne. Goggo ta ce, "Kin taso tun daga Faransa neman sunan ubana don kada a yi mini ƙarya, ke kuma kin yanke mini magana?" Madam ta sunkuya ta mayar da rabin.

Rabin nan ni ya sama. Ranar da na haifi Madam, tsofaffin gidanmu kwana uku suna matse mini nono suna zubarwa, ita kuma ana ɗura mata ruwa da nonon akuya. Ban musa ba, ban san ana musawa ba. Ban san abin da ya kai bakina ba, sai na ji na faɗa a gabansu. Madam ba ta taɓa ji ba. Ta dube ni, ni kuma na dubi ƙwaryar nono.

Aka zo ga takardar yarda. Wadda Madam ta kawo da Faransanci take, Goggo ta ce ba ta ɗora yatsa bisa yaren da ba ta ji. "Ke uwar, na ga kin iya rubutu. Rubuta da Hausa, ki karanta mini da bakinki. Waccan ta riga ta yanke mini magana sau ɗaya."

Na ɗora takarda bisa gwiwa. Ni Dije ɗiyar Sambo na yarda, sai hannuna ya tsaya, don abin da ke biye sunan wadda aka yardar ma ne. Ajin yaƙi da jahilci na rubuta sunan gari, na rubuta sunan kaza, ban taɓa rubuta wannan ba. Na rubuta shi a karkace, na ce ai rubutu ba faɗa ba ne. Na gama, na gyara murya.

"Ni Dije ɗiyar Sambo na yarda Madam ta buga maganata..."

"Madam sunan wa? Duk mai rataye da jaka Madam ce. Wa na ba maganata?"

"Goggo, ta fari ce. Kin sani."

"Na sani. Ni ma na rufe baki na ba ki ubana. Kin hana ta dakashi, kin hana ta suna. Karanta abin da hannunki ya rubuta, in ba haka ba ku koma da farar takarda."

Na dubi rana, ta karkata. Gobe Alhamis, jibi Juma'a. Na dubi takardar. Na faɗa, can ƙasan maƙoshi.

"Ban ji ba," in ji Goggo, wadda tun ɗazu take jin kukan maraƙi daga gona ta uku. "Kunnena ya tsufa."

Na sake faɗa da ƙarfi, har surukar ta leƙo daga bukka. Sai na ji Madam daga bayana, da sauri, kamar wadda ba ta shirya ba: "Na'am, Inna."

Ba wadda ta kalli wata. Jikata ce ta rufa mana asiri ta sa kuka, duk muka yi kanta.

Babu tawadar dangwale, sai na zazzage kwallina cikin murfin ƙwarya, Goggo ta sa ɗan man shanu, muka kwaɓa. Ta dangwala babban yatsa ta danna sosai, takardar ta ɗauki ƙamshin ruga. A nan muka kwana, aka cika mu da tuwo da kindirmo irin wanda ludayi ke tsayawa ciki.

Alhamis muka iso igiya. Mai kaki ya ce, "Mama, an samo?" Na nuna mishi yatsan Goggo, ya sara mata. Da muka hau wani tudu wayar Madam ta kama rezo, layi ya buɗe, ta ɗauki hoton takardar ta aika, tana tsaye bisa shuri da hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Juma'a muna cikin motar Maraɗi amsa ta zo. Mai tacewa ya ce ya karɓa, maganar Goggo za ta fito dukanta. Ya ƙara da cewa akwai ɗigo ɗaya da ya ɓace a lamba sha tara.

Ku masu tare ni bakin famfo kuna cewa in maimaita muku sunan, ku kuka ci tuwon sunanta, kun san shi, ba ku buƙatar bakina. Sau biyu na faɗa, kuma a wata ƙasa. Shekaranjiya Madam ta nuna mini yadda duk wanda ya ari maganarta zai rubuta ta cikin nashi jerin: sunan maigidana cikakke, sannan ita, harafi guda. Shekara ashirin da takwas ina kewaye sunan nan kuna ce mini mai kunya. Ga masu ilimi can sun fi ni. Ni aƙalla da na tashi faɗa, duka na faɗe shi, kuma mai shi ta amsa.